Tsara Bayanan Lura da Tsuntsaye don Ƙiyasta Tsira: Rukuni da Ma'aunin Rakiya a Misalin Shamuwar Boɗinga da Shagari

Tsakure

Manhajojin da masana dabbobin dawa ke amfani da su wajen ƙiyasta yawan dabbobin da ke tsira daga shekara zuwa shekara ba sa karɓar bayani sai an zuba shi cikin wata siga ƙayyadajjiya. Wannan maƙala ta yi bayanin sigar da manhajar MARK ke buƙata, ta fi mayar da hankali ga yadda ake shigar da rukunoni da ma'aunan rakiya, ta kuma ɗauki shamuwar da ke sheƙa a garuruwa irin su Boɗinga da Shagari a matsayin misalin aiki. Maƙalar ta nuna cewa hukuncin da ya fi tasiri a kan sakamako ana yanke shi ne a lokacin da ake juya maganar mai lura zuwa lamba, kuma a wannan gaɓa masanin harshe yana da ta cewa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar da cewa wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ke zuwa musu kowace shekara ta yi ƙwai, ta ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a tsakanin shekara guda. An nemi dalili a can ba a samu ba. Sai a 1974 Winstanley da Spencer da Williamson suka nuna a mujallar Bird Study cewa bakin zaren yana yankin Sahel, inda tsuntsuwar ke fakewa idan sanyin Turai ya shigo, inda kuma daminar 1968 ta gaza. A 1990 Kanyamibwa da abokan aikinsa suka danganta tsirar farar shamuwar yankin Alsas na Faransa da ruwan saman Sahel, a 1991 kuma Peach da Baillie da Underhill suka yi irin wannan aiki a kan wata tsuntsuwar fadama ta Birtaniya. Duka biyun sun fito a mujallar Ibis. Ke nan ruwan da ke sauka, ko ya ƙi sauka, a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya daɗe da zama lamba a cikin lissafin masanan Turai.

A Nijeriya ma an yi irin wannan aiki. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos ta shafe shekaru tana kama tsuntsaye da raga a dajin Amurum, tana sanya musu zobe a ƙafa, tana sakin su. Daga bayananta ne McGregor da Whittingham da Cresswell suka fitar da ƙiyasin tsirar tsuntsayen Nijeriya a 2007. Waɗannan ayyuka na ƙiyasin tsira sun dogara ne a kan usuli ɗaya, wanda Cormack ya fara shimfiɗawa a 1964, Jolly da Seber suka faɗaɗa a 1965, sannan Lebreton da Burnham da Clobert da Anderson suka haɗa kansa a 1992. Manhajar MARK, wadda Gary White na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ya rubuta, aka kuma gabatar da ita a rubuce a 1999, ita ce ta sa usulin ya isa hannun ɗalibai.

Shamuwa ta dace da zama misali saboda ba a dawa take sheƙa ba. A cikin gari take yi, a kan tsamiya ko gawo ko dogon yaro, wani lokaci a tsakar gidan mutane. Takan iso gab da faɗuwar damina, shi ya sa Bahaushe ke ɗaukar zuwanta a matsayin bushara, ba ya kuma taɓa ta. Bayan kaka sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, hanyar da masu bincike daga Denmak suka bi diddiginta ta tauraron ɗan'adam daga Jamhuriyar Nijar, suka wallafa a mujallar Ostrich a 2006. Boɗinga da Shagari kuwa garuruwa biyu ne a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, ɗayansu yana da madatsar ruwa a gefensa, don haka tambayar ko wuri na shafar tsira tana da ma'ana a tsakaninsu. Dukkan lambobin da za a gani a layukan misali na ƙasa an ƙirƙire su ne don bayani kawai.

2.0 Tarihin Gamuwa

A ce mai bincike ya sanya wa shamuwoyi zobba masu launi da lamba, irin waɗanda ake iya karantawa daga nesa da madubin hange, sannan ya riƙa komawa kowace damina har sau biyar. Kowace tsuntsuwa za ta sami jerin lambobi biyar, 1 idan an gan ta a wannan daminar, 0 idan ba a gan ta ba. Wannan jeri shi ake kira tarihin gamuwa a nan. Misali:

11010

An sanya mata zobe a damina ta farko, an gan ta a ta biyu, ba a gan ta a ta uku ba, an gan ta a ta huɗu, ba a gan ta a ta biyar ba. Sifili biyu ne a wannan jeri, amma nauyinsu ya bambanta. Na farko ya tabbata cewa tsuntsuwar tana raye ido ne bai kai gare ta ba, tunda ta sake bayyana. Daga irin waɗannan sifilai na tsakiya ne manhaja ke ƙiyasta yiwuwar a ga tsuntsuwar da ke raye. Na ƙarshe kuwa a rufe yake: ko ta mutu, ko ta sauya gari, ko tana nan an kuskure ta. Manhaja na amfani da abin da ta koya daga sifilan tsakiya don ta raba na ƙarshe tsakanin mutuwa da kuskure. Saboda haka ne ziyara biyu ba ta isa ba, sai aƙalla uku.

Abin da ake samu a ƙarshe tsira ce ta zahiri, wato yiwuwar tsuntsuwa ta rayu ta kuma ci gaba da zama a cikin yankin bincike. Wadda ta yi ƙaura ta dindindin daidai take da matacciya a idon lissafi.

A nan ne harshe ke shigowa. Mai bincike ba zai kwana a gindin kowace bishiya ba, dole ya dogara da mai gidan da sheƙar ke cikinsa, ko yaran unguwa, ko malamin makarantar da ke kusa. Idan aka tambaye su, amsoshin da za su bayar iri-iri ne: "ba ta dawo ba," "ba mu gan ta ba," "ta ɓace," "ta tashi," "ta mutu." Huɗun farko duk sifili ne, kome bambancin da ke tsakaninsu a kunnen Bahaushe. Ta biyar ce kaɗai ke da hukunci dabam, kuma sai idan an ga gawa ko an karɓi zoben. Akwai kuma amsa ta shida da takan ɓuya a cikin sauran, wato "ba mu duba ba." Wannan ba sifili ba ne. Idan hanya ta yanke ko wani dalili ya hana a ziyarci Shagari a damina ta uku, manhajar MARK na karɓar ɗigo a wannan gurbi, kamar 11.10, ko kuma a gaya mata kai tsaye cewa yiwuwar gani a wannan lokaci sifili ce ga wannan rukuni. Wanda ya rubuta 0 a inda ba a duba ba ya shaida wa manhaja abin da bai faru ba, ita kuma za ta sauke ƙiyasin gani ba tare da ta yi ƙorafi ba. Takardar tambayoyin da aka tsara da Hausa, wadda ta ware "an duba ba a gani ba" daga "ba a duba ba," ta fi kowace dabarar lissafi amfani a wannan wuri.

Idan tsuntsuwa ta mutu a hannun mai bincike lokacin kamu, ana sanya alamar ragi a gaban lambar adadinta, wato -1, don manhaja ta daina lissafa ta daga wannan rana. Idan kuwa ana yawan samun rahoton gawarwaki daga wajen yankin bincike, akwai wata siga da kowane lokaci ke da gurbi biyu, na farko na ganin rai, na biyu na tsintar gawa. Burnham ya nuna a 1993 cewa haɗa bayanan biyu na ba da damar raba mutuwa ta haƙiƙa daga ƙaura.

3.0 Rukuni

Fayil ɗin da MARK ke karantawa rubutu ne zalla, kowane layi yana ƙarewa da waƙafi mai ruwa. Bayan tarihin gamuwa sai a bar fili, sai lambobin adadi su biyo, ɗaya ga kowane rukuni. Idan rukuni biyu ne, Boɗinga da Shagari, ana iya taƙaita bayanin kamar haka:

11010 12 7;

Ma'ana, shamuwa 12 daga Boɗinga da 7 daga Shagari ne ke da wannan tarihi. Babu wani abu a cikin layin da ke nuna wanne gari ne na farko. Mai bincike ne zai rubuta sunayen rukunonin a cikin manhaja daga baya, bisa jerin da ya bi a fayil. Idan ya juya jerin, manhaja za ta ba Boɗinga sakamakon Shagari, lissafin kuma zai fita lafiya lau. Sanannen misalin koyarwa a wannan fanni yana da irin wannan tsari: bayanan da Gilbert Marzolin ya tara a gabashin Faransa daga 1981 zuwa 1987 a kan wani tsuntsun rafi, guda 294, maza a gurbi ɗaya mata a ɗaya.

Sharaɗin rukuni shi ne ya kasance abin da ba ya sauyawa daga ranar da aka sanya zobe. Jinsi ya cika wannan sharaɗi. Gari kuwa yana da matsala. Shamuwar da aka sanya wa zobe a Boɗinga za ta iya yin sheƙa a Shagari baɗi, tazarar da ke tsakani ba komai ba ce ga tsuntsuwar da ke ƙetare rabin nahiya. Idan ana nufin garin da aka sanya zobe, to rukuni ne, ba zai sauya ba. Idan ana nufin garin da take zaune a kowace shekara, to ya zama hali mai sauyawa, kuma sai a koma ga sigar da haruffa ke maye gurbin lambar 1:

BB0S0 1;

An gan ta sau biyu a Boɗinga, aka rasa ta, sannan ta bayyana a Shagari. Wannan siga na ba da ƙiyasi na uku, yiwuwar sauya gari, ƙari a kan tsira da gani. Tana buƙatar bayanai masu yawa, amma idan tambayar ita ce ko kusanci da madatsar ruwa na taimakon tsuntsuwa, ita ce amsar da ta dace, domin ruwan garin da take ciki yanzu ne ke ciyar da ita. Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci a tsakanin "ɗan Boɗinga" da "mazaunin Boɗinga." Na farko asali ne, na biyu hali.

Shekaru ma haka suke. Ɗan tsakon da aka sanya wa zobe a sheƙa zai girma, don haka ba a cewa rukunin "yara" da rukunin "manya" kamar za su dawwama a haka. Abin da ake rubutawa shi ne shekarun tsuntsuwa a ranar da aka sanya mata zobe, girman da za ta yi daga baya kuma a cikin manhaja ake tsara shi, inda ake ware shekarar farko ta 'yan tsaki da nata ƙiyasin. Rabuwar tana da muhimmanci saboda a yawancin tsuntsaye shekarar farko ce mafi haɗari, sannan matasa sun fi manya barin garin da aka ƙyanƙyashe su. Idan aka gwama su, ƙiyasin manya zai sauka ba dalili.

Da gari biyu da matakin shekaru biyu, rukunoni sun zama huɗu: manyan Boɗinga, 'yan tsakin Boɗinga, manyan Shagari, 'yan tsakin Shagari. Idan aka ƙara jinsi sun zama takwas. A nan ya kamata a tsaya a yi tunani, domin kowane rukuni na neman nasa rabon tsuntsaye, kuma shamuwa ɗari biyu da aka kasa gida takwas ba za su ba da ƙiyasin da za a dogara da shi ba. Game da jinsi akwai ƙarin matsala: namijin shamuwa da tamata kamanninsu ɗaya ne, namijin ya ɗan fi girma kawai. Harshen ma bai taimaka ba, kalmar "shamuwa" tamata ce a nahawu, mai lura zai ce "ta dawo" ko da namiji ya gani. Mataimakin da ke kwafe rahoto zai iya ɗaukar wannan "ta" a matsayin shaida. Akwai kuma tarko mafi ɓoyuwa. Idan sai an ga tsuntsuwa sau da yawa kafin a gane jinsinta, to waɗanda aka gane su ne waɗanda suka daɗe a raye, waɗanda suka mutu da wuri kuma su taru a rukunin "ba a sani ba." Sakamakon zai nuna maza da mata suna tsira sosai, marasa jinsi suna mutuwa. Maganinsa a tantance jinsi tun ranar kamu ta hanyar gwajin jini ko gashi, ko a bar shi gaba ɗaya.

4.0 Ma'aunin Rakiya

Ma'aunin rakiya shi ne duk wani abin aunawa da ake zaton yana tafiya tare da tsira, yana ɗaga ta ko yana sauke ta. Iri biyu ne, kuma ƙofar shigarsu daban-daban ce.

Iri na farko na tsuntsuwa ɗaya ne: nauyinta, tsawon fiffikenta, ranar da aka ƙyanƙyashe ta. Wannan a cikin fayil yake shiga, bayan lambobin rukuni. Da zarar an shigo da shi, taƙaitawa ta ƙare, kowace tsuntsuwa sai ta sami layinta:

/* 0147 */ 11010 1 0 0 0 1.28;
/* 0212 */ 01100 0 0 0 1 0.94;

Abin da ke tsakanin alamomin /* da */ bayani ne na mai bincike, manhaja ba ta karanta shi, a nan lambar zobe ce. Tsuntsuwa ta farko babba ce daga Boɗinga mai nauyin kilo 1.28, ta biyu ɗan tsako ne daga Shagari da aka sanya wa zobe a damina ta biyu. Manhaja ba ta gane inda rukuni ya ƙare ma'auni ya fara sai ta hanyar ƙirge. Ana gaya mata rukuni huɗu ne, ma'auni ɗaya, sai ta ƙirga. Idan aka ce mata rukuni biyar, za ta nemi ɗaukar nauyi a matsayin adadin tsuntsaye.

Gurbin ma'auni ba ya zama wayam. Idan sikeli ya lalace ran nan ba a auna wata tsuntsuwa ba, ba a barin fili, ba a kuma rubuta 0, don manhaja za ta fahimci tsuntsuwa ce marar nauyi. Hanyoyin da aka saba bi uku ne: a cire ta, a ba ta matsakaicin nauyin rukuninta, ko a tara marasa awo a rukuni na musamman wanda ba a haɗa tsirarsa da nauyi. Ta biyun ta fi sauƙi, amma idan giɓin ya yi yawa takan dushe dangantakar da ake nema. Ana kuma so lambobin su kasance ƙanana masu kusanci da juna. Nauyi a giram, 1280, kusa da wani ma'auni mai 0.3, kan sa lissafi ya kasa daidaita, shi ya sa ake mayar da shi kilo ko a umurci manhaja ta daidaita ma'aunan da kanta.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne ba sunaye lambobin jeri. A ce ana son sanin ko irin bishiyar da sheƙa ke kai na da tasiri, sai a rubuta tsamiya 1, gawo 2, dogon yaro 3. Manhaja za ta ɗauka dogon yaro ya ninka tsamiya sau uku, gawo kuma yana tsakiyarsu. Abin da ya dace shi ne gurbi biyu: tsamiya 1 0, gawo 0 1, dogon yaro 0 0. Kafin ma a kai nan, sai an daidaita sunayen, domin bishiyar da wani ya rubuta dogon yaro wani darbejiya zai rubuta, wani kuma maina. Aikin da Dalziel ya fara a 1916 na tattara sunayen tsirrai na Hausa, da ƙamus ɗin Bargery na 1934, har yanzu su ne madogara ta farko a irin wannan tantancewa, duk da cewa bambancin karin harshe tsakanin Sakkwato da Kano na buƙatar a sake tambayar mutanen wurin.

Abu mai fuska biyu kamar gari ana iya shigar da shi ta kowace ƙofa, ko rukuni ko ma'auni mai 0 da 1, kuma ƙiyasin zai zo ɗaya. Duk da haka rukuni ya fi. Lissafinsa ya fi sauri, sannan gwaje-gwajen da ake yi don a ga ko samfurin lissafi ya dace da bayanai suna aiki ne a kan rukunoni, ba sa karɓar ma'aunin tsuntsuwa ɗaya.

Nauyi kansa yana da rauni a matsayin ma'auni, domin yana sauyawa. Ana iya ba kowace damina gurbinta, amma a daminar da ba a kama tsuntsuwa ba babu wanda ya san nauyinta, kuma shamuwar da ake hangowa da madubi ba a auna ta. Mafi yawan masu bincike kan tsaya ga awon ranar farko, su bar shi ya shafi shekarar da ta biyo kawai. Ga ɗan tsako wannan yana da ma'ana sosai: nauyinsa gab da tashi daga sheƙa na iya nuna ko zai jure tafiyar farko.

Iri na biyu na muhalli ne, wanda ya shafi dukkan tsuntsaye lokaci ɗaya, kamar ruwan sama. Wannan ba ya shiga fayil. A cikin manhaja ake rubuta shi, a jadawalin da ake tsara samfuri, lamba ɗaya ga kowane tsakani. Damina biyar tsakani huɗu ke gare su, don haka lambobi huɗu ake buƙata, kuma dole a yanke shawarar wane ruwa ne na wane tsakani. A bayanan Marzolin, ambaliyar 1983 ce aka shigar ta wannan hanya, aka kuma ga tsira ta sauka a lokacin da ta shafa.

Ga shamuwa tambayar ta fi haka zurfi. Masanan Turai sun ɗauki ruwan Sahel ne saboda a nan tsuntsayensu ke shafe rabin shekara. Shamuwar Boɗinga kuwa akasin haka take, a nan take ƙwai, a can kudu take shafe watannin rani. Ruwan Sakkwato, wanda mafi yawansa ke sauka daga Yuni zuwa Satumba, shi ke kawo farar da take ciyar da 'ya'yanta da ita. Amma idan yawancin mutuwar manya a kan hanya take faruwa ko a masaukin kudu, ruwan gabashi da kudancin Afirka ne ya kamata a gwada. Mai bincike na iya shigar da duka biyun ya bar bayanai su nuna wanda ya fi. Sai dai da tsakani huɗu kawai kusan kowane jerin lambobi zai iya yin kamar ya dace, shi ya sa ayyukan da suka gamsar a wannan fanni suka ɗauki shekaru goma ko fiye. Haka kuma, idan daga tashar hukumar yanayi ta Sakkwato aka ɗauko adadin ruwa, Boɗinga da Shagari lamba ɗaya za su samu, kuma lamba ɗaya ba za ta bayyana bambancin da ke tsakaninsu ba. Sai an kafa ma'aunin ruwa a kowane gari, ko a yi amfani da ƙiyasin tauraron ɗan'adam irin na CHIRPS, wanda ya faro daga 1981 yana kuma ba da adadi ga kowane yanki mai faɗin kimanin kilomita biyar.

5.0 Tarkunan Kwamfuta

Yawancin mutane a Excel suke tara bayanai, ita kuwa takan ɗauki tarihin gamuwa a matsayin lamba. Jerin 01100 sai ya koma 1100, jeri mai tsawon da ya wuce lambobi 15 kuma ƙarshensa ya lalace. Dole a mayar da gurbin ya zama na rubutu kafin a fara shigarwa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe idan fayil ya ratsa tsofaffin manhajoji, don haka ya fi aminci a yi amfani da lambar zobe da gajerun alamomi a cikin fayil, a ajiye cikakkun sunaye a wata takarda dabam mai bayanin kowane gurbi. Masu aiki da RMark, wadda Jeff Laake ya rubuta don sarrafa MARK daga cikin manhajar R, sun huta da ƙirgen gurabe, domin a can gari gurbi ɗaya ne mai ɗauke da suna. Sauran hukunce-hukuncen da aka ambata suna nan yadda suke.

6.0 Sheƙa da Ƙidayar Kwanaki

Binciken da ya fi sauƙin farawa a waɗannan garuruwa ba ya buƙatar zobe ko raga, shi ne bibiyar sheƙa. Mayfield ya nuna tun 1961 cewa ƙirga sheƙun da suka yi nasara kai tsaye na kumbura sakamako, saboda waɗanda suka lalace da wuri ba a ma gano su ba. Dinsmore da White da Knopf sun shigo da gyararriyar hanyar cikin MARK a 2002. A wannan siga kowace sheƙa na da lambobi biyar kafin ma'aunan rakiya: ranar da aka gano ta, ranar ƙarshe da aka gan ta da rai, ranar ƙarshe da aka duba ta, makomarta, sai adadi. Makoma 0 nasara ce, 1 lalacewa, jerin da kan rikita sabon shiga saboda ya saba ganin 1 a matsayin alheri.

/* S09 */ 6 21 27 1 1 0 1;

An gano wannan sheƙa a rana ta 6, tana da rai a ta 21, an tarar ta lalace a ta 27, a kan gawo take. Manhaja ba ta buƙatar sanin ainihin ranar da ta lalace, ta san dai tsakanin 21 da 27 ne. Rukunoni a nan ba a jere suke a gefe ba, kowane rukuni na da layin shela a samansa, sheƙunsa su biyo a ƙasa.

Rana ta 1 ita ce ranar da aka gano sheƙa ta farko a duk tsawon binciken, kuma rana ɗaya ce ta kalandar Miladiyya ga dukkan shekaru da dukkan garuruwa. Mai gidan da ke lura da sheƙa kuwa ba lallai ne ya ba da kwanan wata irin wannan ba. Zai iya cewa kwana uku bayan ruwan shuka, ko ranar kasuwar da ta wuce, ko goma ga watan Sallah. Kowace daga cikinsu ana iya mayar da ita lamba idan an yi a kan kari, mai tambaya yana riƙe da kalanda. Lissafin Hijiriyya na buƙatar kulawa ta musamman, domin shekararsa ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shamuwa kuwa damina take bi. A binciken shekara biyar, goma ga wata ɗaya zai ja baya da fiye da kwana arba'in, wanda ya zarce kwana talatin ɗin da shamuwa kan yi tana kwanci a kan ƙwai.